Marigayiya Alimotu Pelewura: 'Yar Mai Kifi Da Ta Zama Uwar Kasuwannin Ikko

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai su Ikko sun san sunan Kasuwar Pelewura, wadda aka kafa a gefen titin Adeniji Adele cikin tsibirin Legas. Wasu sun sauke kaya a bakinta, wasu sun yi ciniki a cikinta, amma da za a tsayar da su a tambaye su ko wane ne mai wannan suna, kaɗan ne za su iya ba da amsa. To, mai sunan mace ce, Bayarabiya, Musulma, 'yar mai sayar da kifi, wadda ba ta yi karatun boko ba. Duk da haka ta shafe shekaru kusan talatin tana shugabancin dubban matan kasuwa, ta ja da gwamnatin Turawa a kan haraji da farashin abinci, kuma ba sau ɗaya ba gwamnatin ta ja da baya. Mun zaɓi tarihinta a fitowar bana domin ya nuna irin nisan da talaka yake iya kaiwa idan ya sami shugaba mai riƙon amana da ƙungiya mai tsari.

Asalinta da garin da ta tashi a ciki

An haifi Alimotu a Ikko wajajen 1865, wato 'yan shekaru kaɗan bayan da Sarki Dosunmu ya sa hannu a takardar da ta miƙa garin ga Ingila a 1861. Sunan Alimotu shi ne Halimatu a bakin Yarabawa. Ta tashi a babban gida mai matan aure da yawa, kuma a ɗakinsu su biyu ne, ita ce babba. Mahaifiyarta sana'ar kifi take yi, ita ma abin da ta gada ke nan.

Ikko ta wancan zamani ƙaramin gari ce a kan tsibiri. Daga kudu ga teku, daga sauran ɓangarori kuma ga wani makeken ruwa mai ɗan gishiri wanda ya raba tsibirin da tudu. Mutanen da suka fara zama a wurin, wato Awori, wani reshe na Yarabawa, masunta ne da manoma, kuma tsohuwar unguwarsu, Isale Eko, ita ce inda fadar sarki take. Kafin a gama gadar Carter a 1901, duk mai son shiga garin ko fita daga cikinsa sai ya hau kwalekwale. Doya da masara da manja ta ruwa suke zuwa, itacen girki ma ta ruwa. Abin da garin yake samarwa da kansa a yalwace shi ne kifi da sauran albarkatun ruwa, irin su karfasa da tarwaɗa da ƙaguwa da jatan lande da kawa. Saboda haka gidan da yake riƙe da sana'ar kifi yana riƙe da wani babban kaso na tukunyar garin.

Makarantar bakin ruwa

A bakin tekun Afirka ta Yamma an raba aikin kifi gida biyu tun kaka da kakanni. Maza ne suke shiga ruwa da taru da birgi da ƙugiya, galibi da dare, su dawo da asuba. Da zarar kwalekwale ya taɓa gaɓa, aikin ya koma hannun mata. Su ne suke tarbar masunta a matsayar jirage, wadda Yarabawa suke kira ebute, su yi ciniki, su ware manya da ƙanana, su kai ɗanye kasuwa da sassafe, abin da ya saura kuma su yi bandarsa ko su zuba masa gishiri. Mace mai ƙarfin jari takan ba masunci bashin kuɗin taru ko na gyaran jirgi, da sharaɗin ita zai fara kawo wa abin da ya kama. Babu takarda a tsakaninsu, babu sa hannu, sai magana da shaidar jama'a.

Duk wanda ya taɓa sayar da kifi ya san cewa ba ya jiran kowa. Mai hatsi yana iya ɗaure buhunsa ya jira kasuwa ta yi kyau, mai ƙyalle yana iya ninke kayansa har wata mai zuwa, amma mai kifi, musamman a zamanin da ƙanƙara ba ta wadata ba, tana da 'yan sa'o'i ne kawai tsakanin riba da asara. Dole ta iya lissafi da ka, ta yanke shawara da wuri, ta san wanda za ta ba bashi da wanda za ta hana. Dole kuma ta zauna lafiya da maƙwabtanta na rumfa, domin ranar da ciwo ko haihuwa ya tsare ta a gida, su ne za su sayar mata da kayanta kafin su lalace. Daga nan ne adashi, wanda Yarabawa suke kira esusu, ya sami gindin zama a tsakanin waɗannan mata.

Wannan ita ce makarantar da Alimotu ta yi, kuma ta yi ta da kyau. Zuwa 1900 ta riga ta zama babbar 'yar kasuwa wadda mata suke jin maganarta. A 1910 Sarkin Ikko, Eshugbayi Eleko, ya ba ta sarauta, abin da ya nuna cewa sunanta ya wuce bakin ruwa ya kai fada.

Shugabancin Kasuwar Ereko

A ƙasar Yarabawa kasuwa ta mata ce. Kowace kasuwa tana da shugabarta, kowane irin kaya kuma yana da tasa. Iya a harshensu uwa ke nan, kamar yadda yake a namu, shi ya sa suke kiran shugabar kasuwa Iyaloja, wato uwar kasuwa. Aikinta ya haɗa da raba rumfuna, da sasanta rigima tsakanin masu saye da masu sayarwa, da kula da shara da masu gadi, da tsayawa a gaban hukuma idan wata ta shiga matsala.

A shekarun 1920 Alimotu ta zama Alaga, wato shugaba, ta Kasuwar Ereko, wadda ta shahara da cinikin nama. A lokacin Ikko ta canja ƙwarai. Layin dogo da ya tashi daga Iddo ya isa Ibadan a 1901, ya haɗu da Kano a 1912, sa'an nan a 1914 aka haɗe Kudu da Arewa, Ikko ta zama babban birnin ƙasa. Jama'a suka ƙaru, bakunan ci suka yawaita, kuma mafi yawan shanun da ake yankawa a garin daga Arewa suke gangarowa, wasu a ƙafa, wasu a taragon jirgi. Ke nan naman da ake sayarwa a ƙarƙashin kulawar wannan baiwar Allah, akasarinsa daga garken makiyayanmu ya fito, ta hannun fatakenmu da dillalanmu. A ganinmu, ɗora 'yar gidan kifi a kan kasuwar nama shaida ce cewa adalcinta aka duba.

A nan ne ta yi abin da ya bambanta ta da shugabannin da suka gabace ta. Ta lura cewa hukumar Turawa da takarda take aiki. Majalisar gari tana da dokokinta a rubuce, duba-gari yana zuwa da littafinsa, ɗan sanda yana zuwa da sammaci, alhali matan kasuwa ba su iya karanta ko ɗaya daga ciki ba. Sai aka tsara cewa kowace mace a Ereko za ta riƙa zuba kwabo uku, wato taro, duk mako a asusu guda. Da wannan kuɗi suke ɗaukar akawu masu rubuta musu wasiƙa da yi musu tafinta, da shi kuma suke biyan lauya idan magana ta kai kotu. Taro ba wani kuɗi ba ne, amma idan ɗaruruwan mata suka zuba shi mako bayan mako ba fashi, ya isa ya sa Bature ya amsa wasiƙa.

Daga Ereko tsarin ya bazu. A tsakiyar shekarun 1920 aka haɗa kasuwannin garin a ƙarƙashin inuwa guda, Ƙungiyar Matan Kasuwa ta Legas, kuma Alimotu ce ta shugabance ta har ƙarshen rayuwarta.

Tsakanin fada da jam'iyya

Ba za a fahimci ƙarfin wannan ƙungiya ba sai an san mutum biyu da ta yi tafiya tare da su. Na farko shi ne Sarki Eshugbayi Eleko, wanda ya hau gadon sarauta a 1901. Ya saɓa da gwamnati tun a kan kuɗin ruwan famfo da aka ɗora wa talakawa, sa'an nan a 1920 gwamnati ta dakatar da albashinsa da nufin yunwa ta durƙusar da shi. Matan kasuwa suka ɗauki nauyin fada, suna kai abinci da kuɗi, har sarkin bai rasa abin da zai ciyar da gidansa ba. A 1925 aka tuɓe shi aka kai shi Oyo. Mutanen gari ba su haƙura ba, aka yi ta shari'a har kotun ƙoli ta ɗaukaka ƙara da ke Landan, kuma a 1931 aka bar shi ya dawo gida, jama'a suka yi masa gagarumar tarba. Ya rasu a 1932.

Na biyu shi ne Herbert Macaulay, wanda manya daga cikinmu za su tuna hotonsa a tsohuwar takardar naira ɗaya. Injiniya ne kuma ɗan jarida, jikan Bishop Ajayi Crowther, kuma shi ya kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Nijeriya, NNDP, a 1923. Tsarin mulkin Clifford na 1922 ya ba Ikko kujeru uku na zaɓe a majalisar dokoki, amma namiji ne kawai mai samun fam 100 a shekara yake da ƙuri'a. Ke nan Alimotu da dukan matan da ke bayanta ba su da ƙuri'a ko ɗaya. Abin da suke da shi shi ne yawa da kuɗin gudummawa da ikon rufe kasuwa. Macaulay yana da alƙalami da jarida da sanin doka. Kowane ɓangare ya ga abin da yake buƙata a hannun ɗayan, sai suka haɗa kai. Macaulay ya taimaka wajen tsara ƙungiyar da rubuta koke-kokenta, su kuma mata suka cika masa filin taro. Kirista ne ɗan boko, ita Musulma ce 'yar kasuwa, amma wannan bai hana su aiki tare na fiye da shekara ashirin ba. Ita kanta takan hau mumbari a tarukan jam'iyyar ta yi jawabi da Yarabanci.

Rigimar haraji

A 1929 jita-jitar za a sa wa mata haraji ta tayar da tarzoma a yankin Aba da kewaye, inda aka harbe mata fiye da 50. Wannan labari yana zukatan mutane lokacin da irin wannan jita-jita ta ɓulla a Ikko a 1932. Alimotu ta bi wata hanya dabam. Ta jagoranci tawagar mata zuwa gidan gwamnati, suka gabatar da kukansu cikin tsari, hukuma kuma ta ba su tabbacin cewa babu wannan niyya. Bayan haka aka sa ta cikin Kwamitin Ilu, majalisar masu faɗa a ji ta gargajiya a garin, a matsayin mai magana da yawun mata.

Ba a daɗe ba wata fitina ta taso. Annobar da ɓeraye suke yaɗawa ta addabi Ikko daga 1924, abin da ya sa gwamnati ta kafa hukumar tsara gari a 1928, aka shiga rusau da sauya wa mutane matsuguni. A tsakiyar shekarun 1930 aka yanke shawarar tayar da Kasuwar Ereko zuwa unguwar Oluwole. Wanda bai taɓa kasa kaya ba zai ga kamar ƙaramin abu ne, amma mai rumfa ta san cewa masu sayenta wurin suka sani, kuma ranar da aka matsar da ita ta koma baƙuwa a sana'arta. Alimotu da matanta suka ƙi tashi, suka tare hanya. Aka kama ta aka tsare. Nan da nan matan sauran kasuwanni suka yi dafifi suna neman a sake ta ko a haɗa da su, hukuma ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta sake ta tare da waɗanda aka kama su tare. A lokacin ta kai kimanin shekara saba'in da haihuwa.

Babbar karawar ta zo a 1940. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, Ingila tana neman kuɗi ta kowace kafa, sai gwamnatin Gwamna Bourdillon ta kawo dokar da ta ɗora harajin kuɗin shiga a kan duk macen da take samun fam 50 ko fiye a shekara. Matan kasuwa kaɗan ne suke samun wannan adadi, saboda haka mai gajeren tunani zai ce ina ruwan mai tallan barkono. Alimotu ta hango abin da ke gaba, wato idan aka buɗe ƙofar a kan masu fam 50, sannu a hankali za a yi ta sauko da adadin har ya iso kan mai faranti ɗaya. Ita kanta tana cikin masu hali, da ta so da ta biya ta huta.

A watan Disamba na 1940 mata suka rufe kasuwanni. Aka rubuta takardar koke, mata fiye da 200 suka dangwala mata yatsa, aka yi jerin gwano zuwa ofishin kwamishina da gidan gwamna. Hujjojin da ta gabatar a bayyane suke. Ɗora wa mace haraji ya saɓa wa al'adar ƙasar. Yaƙi ya jefa maza da yawa cikin rashin aiki, mata ne suke ciyar da gidaje, har ma su ne suke taimaka wa mazansu biyan nasu harajin, saboda haka a karɓa daga hannunsu karɓa biyu ne. Sa'an nan wadda ba ta da ƙuri'a, ba ta da wakili a majalisar da ake yanka harajin, da wane dalili za a ce ta biya? Gwamnati ba ta soke dokar ba, amma ta ɗaga adadin daga fam 50 zuwa fam 200, abin da ya fitar da kusan dukan matan kasuwa daga ciki.

Shekarun yaƙi da ƙayyade farashi

Yaƙin ya ci gaba da matsa wa ƙasa. Bayan da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta juyo kan Nijeriya neman kuza da roba da gyaɗa da manja. Aka kwashi mutane aikin tilas zuwa ma'adinan kuza na Jos, aka ɗebi samari aikin soja, da yawansu daga garuruwanmu na Arewa, aka kai su har Bama. Hannayen noma suka ragu, motocin sufuri suka yi ƙaranci, gishiri ya yi wuya, ga sojoji da ma'aikata sun cika Ikko. Farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo.

Maganin da gwamnati ta kawo daga 1941 shi ne ƙayyade farashi, a ƙarƙashin wani jami'i mai suna Kyaftin Pullen, wanda tsarin ya ɗauki sunansa. Aka yanka farashin da za a sayar da kayan abinci, musamman garin kwaki wanda shi ne abincin talakan Ikko, daga baya kuma gwamnati ta buɗe wuraren sayarwa nata, tana sayen kaya ta hannun manyan kamfanoni da 'yan kwangila. A takarda abin ya yi kyau. A kasuwa kuwa farashin da aka yanka sau da yawa bai kai abin da mace ta kashe wajen sayo garin daga ƙauye da kuɗin mota ba. Idan ta sayar a farashin hukuma ta karye, idan ta ƙara kwabo a kai a gurfanar da ita a kotu. Mutane suka riƙa kwana a layi a wuraren sayarwar gwamnati, da yawa su koma gida hannu wofi, cinikin bayan fage kuma ya bunƙasa.

Alimotu ta tsaya a kan cewa rarraba abinci a Ikko sana'ar mata ce da suka gada, sun san hanyoyinta fiye da kowane jami'i, kuma cire su daga ciki zai kashe musu abin yi ba tare da ya ƙosar da kowa ba. Aka yi ta zama da hukuma, aka yi ta aika koke, asusun ƙungiya kuma yana biyan lauyoyin da suke kare matan da aka kama. Da hukuma ta ga ba ta da hanyar wucewa sai ta wurinta, sai aka yi mata tayin muƙami mai albashi a cikin tsarin, ta zama mai kula da sayar da garin. Ta ƙi karɓa. Ta gane cewa ranar da ta fara amsar albashi daga hannun wanda matanta suke kuka da shi, ranar ce bakinta zai mutu. A duk tarihinta babu wurin da ya fi wannan nuna ko ita wace ce, domin tsohuwa ce mai kusan shekara tamanin, kuma babu wanda zai zarge ta da ta ce ta gaji.

A watan Yuni na 1945 ma'aikatan gwamnati, da na jirgin ƙasa a kan gaba, suka shiga yajin aikin gama-gari a kan tsadar rayuwa, yajin da ya ɗauki fiye da kwana 40 kuma ya fito da sunan Michael Imoudu. Ma'aikacin da ba ya karɓar albashi yunwa ce take mayar da shi bakin aiki. Matan kasuwa a ƙarƙashin Alimotu suka sassauta wa masu yajin farashi, suka ba da gudummawa ga asusunsu, suka taimaka musu har suka jure. Matan da suka ƙi sauke farashi da umarnin hukuma, su ne suka sauke shi da kansu domin 'yan'uwansu. A cikin wannan shekara yaƙi ya ƙare, tsarin Pullen ma aka nannaɗe tabarmarsa.

Ƙarshen rayuwarta

A 1944 aka kafa NCNC, Macaulay yana shugaba, Nnamdi Azikiwe yana sakatare, kuma matan kasuwar Ikko suna cikin waɗanda suka mara mata baya. A 1946 Macaulay ya fita rangadin ƙasa domin adawa da tsarin mulkin Richards, ciwo ya kama shi a Kano, aka mayar da shi Ikko inda ya rasu a watan Mayu. Kasuwanni suka rufe domin jana'izarsa. Alimotu ta rayu ta ga iri da ta shuka ya tsiro a wasu wurare. A Abeokuta mata a ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti suka yi nasu boren haraji har Alake ya sauka daga gadon sarauta na ɗan lokaci a 1949. A 1950 kuma matan Ikko suka jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar gari, shekara goma bayan da ta tambayi dalilin karɓar haraji daga wadda ba ta da ƙuri'a. Mu a Arewa sai a 1976 iyayenmu mata suka sami wannan dama, bayan wahalar da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha.

Allah ya yi mata rasuwa a 1951, tana da shekara tamanin da 'yan kai, saura shekara tara ƙasar ta sami 'yancin kai. Dubban mutane suka raka gawarta. Daga cikin matan da suka taso a ƙarƙashinta akwai Alhaja Abibatu Mogaji, wadda daga baya ta daɗe tana riƙe da shugabancin 'yan kasuwar Legas har rasuwarta a 2013. 

Abin da ta bari

Ana kiran mace uwa saboda haihuwa, ana kuma kiranta uwa saboda ɗaukar nauyi. Matan Ikko sun kira Alimotu uwa ne domin idan aka kama ɗayarsu ita take zuwa, idan aka yi musu doka ita take tambayar dalili, kuma da aka zo sayenta ba ta sayu ba. Littattafan tarihin da muka karanta a makaranta, muka kuma karantar da yara, sun cika da sunayen gwamnoni da lauyoyi da 'yan jarida, amma da wuya a sami layi biyu a kan matar da take cika musu filin taro, take ciyar da masu yajin aiki. Wannan gibi ne da ya kamata a cike.

Idan muka duba kayan aikinta, babu abin da ya fi ƙarfin kowace al'umma. Akwai gudummawa ƙarama wadda ba ta yankewa. Akwai sanin cewa abin da ba ka iya ba kana iya ɗaukar wanda ya iya, ka biya shi, ya yi maka aiki a ƙarƙashin ikonka. Akwai haɗa kai da wanda addini ko ilimi ya raba ku matuƙar buƙata ɗaya ce. Sa'an nan akwai shugabar da ta fi mabiyanta hali, amma ta ɗauki matsalar mafi ƙanƙanta daga cikinsu ta mayar tata. Waɗanda suke zaune a birane sun fi kowa sanin yadda rumfa take tashi dare ɗaya da sunan gyaran gari, da yadda baƙo marar ƙungiya yake rasa mai tsaya masa.

Haka kuma tarihinta yana tuna mana da iyayenmu mata na gida, masu ƙuli-ƙuli da daddawa da fura da bandar kifi, waɗanda da ribar kwabo da taro suka saya wa da yawa daga cikinmu allo da littafi da kuɗin mota zuwa makaranta. Ba a raɗa wa kasuwa sunansu ba, amma hikimar da ta yi aiki a Ereko ita ce take aiki a adashinsu. Ya dace duk inda ake shawarar ci gaban gari a ba su wurin zama, a kuma saurare su.

Muna roƙon 'yan'uwa mazauna Ikko, duk wanda hanya ta bi da shi ta Ereko ko ta Adeniji Adele, ya tuna da wannan baiwar Allah, ya kuma ba 'ya'yansa labarinta. Allah ya jiƙan Alimotu Pelewura, ya gafarta mata kurakuranta, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda suke raye kuma ya ba mu ikon kyautata musu. Amin.